Gardamar Ƙarfe Uku na Dare

A gidan kula da tsofaffi, can Sunderland bakin teku,
ƙarfe uku na dare, butar shayi tana huci,
ma'aikata huɗu suka kewaye tebur,
gardama ta kaure: wa ya fi iya Turanci?

Moira 'yar Glasgow ta bugi ƙirji:
"Mu ke ba kowane harafi haƙƙinsa!"
Ra ɗinta na kaɗawa kamar tsakuwa a gwangwani.
Sajimon na Kerala ya kurɓi shayi:
"Wata shida ina gyaɗa miki kai,
ban san gaisuwa ce ko zagi ba, ina dai kare mutunci."

Nasa kuwa gudu yake, harshe a naɗe,
keke ne a gangara, birki ya tsinke,
amma ko waƙafi ba ya yi wa ha'inci.

Winsome ta Kingston ta tuntsire da dariya:
"Ɗanye aka kawo mana shi, lami, ba gishiri,
mu muka zuba barkono ya zama abinci."

Dennis ya ce, "Layi biyu daga nan aka yanke cibiyata,
ku duk aro kuka yi, ni gado na ci."
Suka ce, "Sauka Landan ka roƙi ruwa mu gani,
in ba a nemo tafinta ba, mun yarda da hukunci."

Sai ƙararrawar ɗaki na tara.

Tsoho Wetherell ne, shekara arba'in yana koyarwa,
yana murɗe bakin yara su yi lafazin fada.
Yanzu ɓarin jiki ya shanye, harshe ya yi nauyi,
abin da ya saura gurnani ne da yawu a haɓa,
da ido biyu cike da takaici.

Moira ta ce ruwa? Ya kau da kai.
Sajimon ya jero tambaya, kowace da nahawunta,
Winsome ta lallashe shi, Dennis ya ɗaga murya
kamar kurumta ce ta kawo ƙunci.

Bogusława mai goge-goge, 'yar Folan,
wadda Turancinta bai cika cokali ba,
ta jingine tsintsiya, ta bi inda idon ya nufa,
ta durƙusa, ta zura hannu bayan durowa,
ta zaro hoton matarsa, ya sha ƙura,
ta share da gefen riga, ta kafa shi kusa da fitila.
Tsoho ya sauke numfashi. Can sai barci.

Da suka koma shayi ya huce.
Ba wanda ya ɗauko zaren daga inda ya tsinke.
Moira ta sake ɗora buta, ta wanke kofi na biyar,
ta miƙa wa mai tsintsiya har da biskit biyu.
Ta yi godiya da kalma biyu, ɗaya a karye,
ba wanda ya gyara mata furuci.