Laka, Gajimare, Haƙori

Litinin ruwa ya ɗauke, ya bar mana aikinsa.
Kogin da ke gangarowa Ardeshen
ya shiga gidaje ba sallama,
ya kwana a falo, ya tafi da asuba,
ya bar laka har gwiwa.
Ni da na ajiye alli shekara bakwai ke nan,
na ɗauki shebur.

Gidan Gulizar aka ba mu, mu biyar.
Tana tsaye a bakin ƙofa da hoton mijinta a hammata,
ba ta kuka, lissafi take yi:
darduma biyu, keken ɗinki, buhun garin masara,
da ulun da ta saya don hunturu.
Muka kwashe, muka kwashe.
Laka ba ta da ƙashi, amma ta fi dutse gardama.

Talata aka tura ni wurin girki.
Miyar baƙin kabeji, kwano ɗari uku,
wani yaro ya dawo sau uku yana canza hula
wai don kar in gane shi.
Na gane shi. Na zuba.

Laraba littattafan makarantarmu ta dā
muka shanya a igiya kamar wanki.
Na tsinci rubutun hannuna a gefen wani shafi,
jan biro ya narke, gyaran ya koma kuskure.

Alhamis bayana ya ce: jiki magayi.
Na sunkuya ɗaure takalmi, na kasa miƙewa.
Nejla ba ta ce uffan ba.
Ta ɗauki makullin mota, ta ɗauki wayata,
ta jefa ta cikin jakarta kamar ta kama ɓarawo.

Muka hau dutse.
Gonakin shayi suna bin mu hawa-hawa
har suka gaji suka tsaya,
Bahar Aswad ya koma ɗan tsaki a madubi.
Can sama, ɗakin katako, murhu ɗaya,
shanu da ƙararrawa a wuya,
gajimare na shigowa ta taga ya duba mu ya fita.
Kwana biyu ba wanda ya kira sunana
sai ita, shi ma don shayi ya yi sanyi.
Na yi barci kamar wanda ya biya bashi.
Amma ko a can, cikin dare,
hannuna na motsi, yana kwasar abin da babu.

Lahadi muka sauko don Zumra,
jikanyarmu, wata bakwai, haƙori ɗaya.
A nan haƙorin fari ba ya fitowa a ɓoye:
an dafa alkama, an barbaɗa sukari da rumman,
gida ya cika har matakala.
Ferhat ya hura salkar kiɗansa, kawunnai suka kama hannu,
ƙasa ta ji a jikinta.
Gulizar ma ta zo, da 'yar safa guda biyu
daga ulun da ta wanke sau shida.

Sai aka shimfiɗa zane gaban jaririya:
almakashi, alƙalami, madubi, kuɗi, abin awon likita.
Abin da ta ɗauka, shi za ta zama, in ji tsofaffi.
Uwar na tura abin awon da yatsan ƙafa.
Ni kuwa alƙalami nake wa addu'a.

Zumra ta rarrafa ta wuce su duka,
ta nufi bakin ƙofa,
ta rungume takalmin robana
da lakar Litinin ta bushe a kai,
ta ɗora masa haƙorinta guda.

Aka yi ta dariya, aka ƙwace, ta tsala ihu.
Nejla ta dube ni ta gefen ido:
zumunci a ƙafa yake, ta ce,
ga shi yarinya ta ɗanɗana.
Gobe akwai gida biyu da suka rage.
Ta miƙo mini wayata.