Wankin Hoto a Fagge

Jan ƙwai guda, tasa uku, warin sinadari, sai ni.
A waje adaidaita na ta hon, mai rake na kira,
a nan ciki doka ta juye:
haske ne ke haifar baƙi.
Inda ya daɗe a takarda, nan ke ƙonewa,
inda na tare shi da tafin hannu, nan ke tsira da fari.

Mutum sha ɗaya na ɗauka
a barandar asibitin ƙashi na Dala,
suna jiran a gwada musu ƙafar roba.
Masu aikin suka ce: ƙara duhu, Malam Sabi'u,
bango za a rataya,
muna so ya daki ido tun daga bakin ƙofa.
Na ƙara.

Kyari ne ya fara tasowa cikin ruwan.
Bandejinsa ya riga shi fitowa, fat kamar alli,
sai sanda, sai inuwar sanda,
fuskar kuwa ta nutse ƙirin
kamar an kwana ana tsoma ta a marinar Ƙofar Mata.

Ran da na tambaye shi me ya taka, ya ce nakiya.
Ni ɗan birni, nakiyar da na sani
ta shinkafa ce da zuma,
wadda kakata ke ɓoyewa a ƙasan kwalla.
Suna ɗaya.
Tasa tana kwance a kunya ta uku, gonar wake, bayan Bama,
damina biyu tana jira, ba ta gaji ba.

Na kai masa hoton ranar Laraba.
Ya riƙe nesa, ya matso da shi, ya karkata kai.
Ya ce: ƙafar dai na gane ta, wato rashinta.
Mai ita fa, ina ka baro shi?
Ya Fanna ta leƙo daga benci na gaba,
ita da ta bar yatsu huɗu a hanyar itace,
ta ce: ni zanena ruwan goro ne,
ranar na fara ɗaura shi, don kai,
ka cinye mini launi ko godiya babu.
Aka yi dariya. Har da ni, a makare.

Na dawo na kulle ƙofa.
Wannan karon na sa hannu tsakanin fitila da fuskarsa,
ina kaɗawa a hankali, kamar mai fifita wa majinyaci,
ɗaya, biyu, har bakwai.
Ashe tsakanin fat da ƙirin gari ne guda,
unguwa-unguwa na toka-toka:
ga tsagar gidansu tana gangarowa kumatu,
ga furfura uku a gemu,
ga wushiryar da ban lura da ita ba,
ga allura soke a wuyan riga,
ta hular da yake ɗinki, saura layi biyu ya kai Kwari.
Bandejin ya koma yadi kawai,
har da ɗan datti a gefe.

Masu aikin suka duba, suka ce wannan ba ta da ƙarfi.
Ta farkon suka rataya.
Na tsaya a lungu ranar buɗewa,
mutane na zuwa gabanta, su ce wayyo,
su wuce teburin lemo.

Ta biyun tana wajen Kyari.
Ya naɗe ta a leda, zai ba direban Maiduguri ya kai wa yayarsa.
Ya ce a nan ya fi kama da mahaifinsu.
Launin zanen Ya Fanna kuwa har yau bashi ne a kaina,
duk ta gan ni sai ta tambaya.