Mai Duba Hatimi

Shekara sha tara Ximena Quilodrán
na duba hatimin kwantena a tashar jiragen Valparaíso,
tocila a haƙori, sanyin teku a gwiwa.
Ran da gwiwar ta ce ta gaji
sai ta shiga neman aikin zaune.

Sanarwa ta ce: tsaron intanet.
Digiri. Gogewar shekara biyar.
Ƙofa ce da aka yanka daidai tsayin masu gida.
Sau goma sha ɗaya ta ƙwanƙwasa,
ko "waye?" ba a ce ba.

Wani ƙaramin kamfani can saman tudu
bai nemi takarda ba.
Rajistar shige da fice aka tura gabanta:
"Me kika gani?"

Yanzu su huɗu ne a teburin dare.
Nahuel, kurma, wanda idonsa ba ya tsallake layi;
wata da ta ajiye alli;
yaron da ya koyi sana'ar a shagon gyaran waya;
sai ita, da furfura da filas ɗin shayi.

Talata, uku saura kwata.
Suna daidai, kalmar sirri daidai,
na'ura ta ce a wuce.
Ita ta ce dakata.
Ɓarawon tasha ba ya haura katanga:
rigar ma'aikata yake sawa,
ya zo daidai canjin aiki,
ya gaishe ka da sunanka.

Ta datse hanyar, ta rubuta layi uku,
ta murza gwiwa.
Can ƙasa jirgi na shigowa.
Ta ƙirga fitilunsa, don sabo.