Taswirar Gwaggo Tasalla

Na taho daga Dutse da lambu a aljihu,
kammalalle, kore shar, ko ciyawa babu.
Wata manhaja ce a wayata ta zana shi:
ka faɗa mata faɗin fili, taku nawa,
ta jera maka fangali kamar 'yan firamare a layi,
ga tumatir nan, ga albasa can,
har da 'yar hanya mai lanƙwasa
wadda ban san wa zai bi ta ba.

A ƙauyenmu, can bayan Kiyawa,
na tarar da Gwaggo Tasalla tana tsinkar zogale.
Na miƙa mata wayar. Ta goge hannu a zane,
ta nisanta ta, ta matso da ita,
ta ce, "Sagiru, wannan wace irin ƙasa ce?"
Na ce, ƙasa dai.
Ta ce, "Ɗauko buta."

A gindin danga ta duƙa, ta ɗebo cikin tafi,
ta ɗiga ruwa, ta dunƙule, ta buɗe.
Duk ta zube ta tsakanin yatsu.
"Jigawa. Ba ta riƙon amana.
Ka ba ta ruwa da asuba,
kafin hantsi ta rantse ba ta gan shi ba.
Sai gyaɗa ke iya zama da ita."

Taku goma, a gangaren da ruwan kwata ke bi,
ta mulmula wata baƙa, ta zauna kamar curin fura.
"Laka. Ita kuma rowa.
Abin da ta kama ba ta saki, har saiwa ta ruɓe,
rani ya zo ta tsage kamar diddigena.
Toka take so, da ƙaiƙayi, da haƙuri."

Inda wayata ta ce tumatir,
ta sara fartanya sau ɗaya. Ƙau!
Marmara ce kwance, ja, tana jiranmu.
Ba ta ce komai ba. Wannan ya fi zafi.

Sai ta ja ni kusurwar da na share daga zanen
don na ga kamar juji.
Akwai guntun turke a wurin, gara ta ci rabinsa.
"Nan jakin Malam Barau ya yi shekara sha ɗaya.
Mai shi ya tafi, shi ma ya bi,
ga abin da suka bar mana."
Ta nutsa hannu har wuyansa, ba da ƙarfi ba,
ta fito da ƙasa mai ƙamshin ruwan fari,
tana guda tana murɗe-murɗe a ciki.
Ta daɗe ba ta zubar ba.

Na yi niyyar mai da wayar aljihu,
sai na tuna abu ɗaya.
Na nuna mata yadda inuwar darbejiya
take sauya makwanci bayan kaka,
ta miƙe ta danne gefen arewa har la'asar.
Gwaggo ta dubi bishiyar, ta dubi gilashin.
"Ashe shi ya sa attarugun bara
ya yi tsawo kamar saurayi, ɗa ko ɗaya babu.
Ni kuwa na ɗora wa mai iri laifi,
har na daina gaishe shi a kasuwa."
Ta yi shiru.
"Kada ka faɗa wa kowa."

Da babban yatsan ƙafa ta sake zanen a ƙasa:
tumatir wajen turke, kuɓewa a gangare,
yakuwa ko'ina, ba ta da tsirfa,
alayyafo kusa da randa, don tulu nauyi gare shi,
attarugu kuma a fito da shi rana.
Babu layi ɗaya da ya miƙe.
Hanyar, inda ƙafa ta saba bi.

Na ɗaga waya in ɗauki hoton,
ta yi ƙyaf, ta mutu, caji ya ƙare.
Kaza ta ratsa ta tsakiyar albasa da 'ya'yanta bakwai.
Gwaggo ta miƙo mini fartanya.
"Yana kaina," ta ce. "Fara daga can."