Faten Masara Kafin Raɓa Ta Daskare

Rediyo ya ce daren yau raɓa za ta daskare
daga Caribou har bakin kogin St. John.
Da hantsi na buɗe ƙofa, sai ga buhu a kan matakala,
ɗanyar masara, goma sha huɗu na ƙirga,
babu takarda, babu sallama,
sai sawun takalmin Harlan Ouellette a cikin taɓo,
ƙafar hagu tana jan ƙasa yadda ta saba.

Shekara tara ko ci kanka ba mu ce wa juna ba,
tun ranar da ya sare itacen tufa na kan iyaka.
Ya ce nasa ne, na ce namu ne,
itacen kuwa ya kwanta bai shigar wa kowa ba.

Na ɗauki buhun. To, in bar wa barewa?

Ɓare masara aikin zaune ne.
Gemunta na manne wa yatsu kamar tsohuwar magana.
Na tsayar da kowace a kan faranti,
na bi ta da wuƙa daga sama zuwa ƙasa,
ƙwayoyi na tsalle, wata har ƙarƙashin firiji.
Sannan na juya wuƙar, na kankare totuwa da bayanta,
don nonon masara a can yake ɓuya.
Mahaifiyata, Odile, takan ce
wanda ya zubar da totuwa ya zubar da rabin tukunya.
Sai na dafa su a ruwa, minti arba'in,
har ɗakin ya ɗauki ƙanshin gona bayan yayyafi.

Man shanu a tukunyar ƙarfe.
Albasa biyu, a hankali, kada ta yi ja,
ta dai yi laushi, ta daina gardama.
Dankali daga ɗakin ƙasa, noman wannan lardi,
na yanka shi girman kan babban yatsa.
Ruwan totuwa, gishiri, masoro,
da ɗan ganyen tayim da ya tsira a bakin taga.

Madara ce ƙarshe, kuma ita ce mai zuciya.
Ka bar ta ta tafasa, ta tsinke,
ba ta sake haɗuwa ko ka kwana kana juyawa.
Na san wannan.
Na tsaya a kanta da ludayi, na rage wuta,
idona yana kan taga.
Hayaƙi na tashi daga bututun gidansa,
siriri, irin na wanda shayi kaɗai yake dafawa.
Matarsa, Jeannine, ta rasu a watan Maris.
Na aika da kati. Ban je ba.

Na murƙushe dankali kaɗan a jikin tukunya don kauri.
Na ɗanɗana. Saura gishiri.
Na sake ɗanɗanawa. Ya ji.
Na leƙa tukunyar: ta ishi mutum shida,
ni kuwa daga ni sai kyanwa,
ita ko ba ta shiri da albasa.

Odile takan ce faten nan sai ya kwana yake daɗi.
Na so in fake da wannan, in ce sai gobe.
Amma kafin gobe sanyi ya gama da gona,
mu kuma ba yara ba ne.

Na naɗe tukunyar da tawul, na sa rigar sanyi,
na bi ta gefen kututturen nan.
Ashe ya yi tofo, ban taɓa lura ba.
Fitilar barandarsa a kunne take, ga rana ba ta faɗi ba.
Ya buɗe. Ya dubi tukunya, bai dube ni ba.
Ya ce, "Kin dafa totuwar?"
Na ce, "Ka taɓa ganin na zubar?"

Ya matsa gefe.
A kan tebur akwai kwano biyu, cokali biyu,
da biskit mai gishiri a cikin takardarsa,
ba a buɗe ba tukuna.