Sai An Jima

Shekara tara ina buga takardun auduga a Garwa,
yatsuna sun san hanya ko ido a rufe.
Yau manhaja ta sake leƙowa:
a sabunta yanzu, ko sai an jima?

Hamajoda ya yarda makon jiya.
Ya ce kamar ka dawo daga kasuwa
ka tarar an kai murhu ɗaka, randa a zaure.
Rabin yini yana laluben maɓalli ɗaya,
manoman Pitowa na kan benci, suna jiran rasit.

Amma wai sabuwar ba ta haɗiye aiki in an ɗauke wuta.
Sau uku lissafin wata ya bi ruwa a hannuna.

Shayina ya huce.
Na danna "sai an jima",
karo na goma sha ɗaya.