Akwati na Goma Sha Huɗu

A ƙarƙashin ɗakin karatu na Hull,
inda rana ba ta da izinin shiga,
aka damƙa mini rayuwar Noreen Blaydes
cikin akwati talatin da ɗaya.
Aka ce: jera, sa lamba, kar ki ƙara naki.

Na ɗauka zane zan tarar.
Sai ga rasit ɗin fenti, rabinsa bashi,
ga wasiƙar hukumar gari, "Ba mu amince ba,"
ta juya bayanta ta lissafa tsawon tsani.
Ga burushi ya sandare da shuɗi.
Ga sawun kofin shayi a kan sunayen mata saba'in,
masu feɗe kifi, waɗanda sanyi ya ci wa yatsu,
da ta jera hannuwansu a bangon kasuwar bakin ruwa
shekarar da aka garƙame wa masana'anta kwaɗo.

Bangon babu shi.
Na je ran Asabar, na tarar da motoci
sun yi kwance inda hannuwan suka tsaya.
Tsuntsayen teku kaɗai ke ta ƙorafi.

Jiya wani dattijo, Clive Marrow, ya sauko,
ruwan sama na ɗiga daga hularsa.
Ya ce, "Uwata na bangon nan. Ta uku daga hagu.
Ba fuska ba. Hannu."

Akwati na goma sha huɗu:
takardu shara-shara, kowace da tafi ɗaya
an bi gefensa da fensir.
Na sami Edna. Yatsan tsakiya guntu,
wuƙa ta cire rabonta.
A ƙasa Noreen ta rubuta,
"Ta ƙi zama. Wai tukunya na kan wuta."

Dokar gidan nan, a gani da ido,
ido kuwa ba ya barin maiƙo.
Na dubi agogo, na dubi silin,
na tuna ina da aiki a wancan lungun.

Da na dawo tafinsa na kan nata,
ya rufe shi ruf,
ya lanƙwashe yatsansa na tsakiya
don su zo daidai.

Bai ce komai ba. Ya sa hula, ya hau bene.

A rajista akwai gurbin da ke tambayar halin da kaya ke ciki.
Na rubuta: lafiya lau.
Ɗan danshi a kusurwa.